Faifan Usaini a Gonar Gero

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Yau mutum biyu suka shigo shago. Ɗaya inuwa ya zo sha, ɗayan ya tambaya ko ina tura fim a waya. Na ce masa nan kamfanin Gawo Biyu ne, faifai muke bugawa, wanda za ka riƙe a hannunka, ka ajiye a kabad, jikanka ya zo ya tarar. Ya yi mini kallon mai taɓin hankali, ya tsallaka wajen masu turi da ke ƙarƙashin lema.

Shekara goma sha tara ni da Usaini muna wannan sana'a a Gumel. Shi ke ɗaukar fim ya tace, ni ke bugawa in kai kasuwa. Na ga na rubuta "muna". Na bar shi haka, ba zan goge ba.

Ephraim, mai gyaran injin kallo da ke jikin shagona, shi ya ba ni littafin nan. Mutumin Filato ne, amma ya riga ni zama a layin. Ya ce, "Malam Halliru, tunda ka daina yi wa mutane magana, sai ka yi wa takarda." To ga ni.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Safiya ta kira daga Sule Tankarkar, ƙanwar Usaini. Ta ce sun kai mahaifiyarsu, Inna A'i, wajen likitan ido. Ba yanar ido ba ce, balle a cire. Hasken ne ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Yanzu ma sai abu ya matso kusa take gane shi.

Sai ta ce, "Yaya Halliru, Inna ta ce a roƙe ka. Fim ɗin nan da Yaya Usaini ya fito a ciki, tana so ta gan shi tun idon na gani."

Fim ɗinmu na ƙarshe take nufi, Shayin Kan Iyaka. Usaini bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ko hoto ba ya yarda a yi masa. Ranar ɗauka wanda zai fito a mai shayi ya ƙi zuwa, sai ya ɗaura tsumma a kafaɗa ya shiga. Minti huɗu ne kacal. Ba mu fitar da fim ɗin ba har yau.

Na ce mata, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Ki ce wa Inna ran Asabar ina tafe."

Laraba, bayan azahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in rubuta yadda muke yi, ko na ga wautata a rubuce. Kowane fim yana da uwar faifai, wadda daga ita ake buga sauran. Ba ma rubuta komai a jikinta, kuma ba ma sa ta a akwati mai kwaɗo, don nan ɓarawon fim zai fara dubawa. Muna saka ta cikin kwalin fim ɗin da ba ya ciniki, mu jera ta cikin 'yan'uwanta a kan kanta, inda ba mai miƙa hannu. Ni na ƙirƙiro dabarar, har ina alfahari da ita. Shekara huɗu ke nan ma'ajiyarmu Jakin Dillaliya ce, fim ɗin da ko kyauta mutane ba sa karɓa.

A watan jiya rufin shago ya fara yoyo. Wani manomi daga wajen Gagarawa, Malam Abdulsalam, ya zo neman matattun faifai, wai zai rataye a gona don korar tsuntsu. Na kwashe Jakin Dillaliya kaf, buhu biyu, na ba shi, har ina yi masa godiya.

Sauran uwayen faifan tuni na kai su gida. Wannan ɗaya ce na bari, don wata biyar ke nan ba na son tuna tana nan.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ban buɗe ba. Ba na buɗe shago ran Alhamis yanzu.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Na kira duk wanda ya yi aikin fim ɗin. Babu mai kwafi. Wanda ya haɗa sauti a Kano ya ce, "Oga, ai kai ka hana. Ka ce wanda duk ya fita da ko minti ɗaya sai kun hau sama kun faɗo." Haka ne, ni na faɗa. Katin kyamara an daɗe da goge shi an ɗauki biki. Kwamfutar Usaini kuwa tana cikin jakarsa ranar.

Matata Maijidda ta ce, "Baban Adawiyya, ka kira Safiya ka faɗa mata gaskiya mana." Na daka mata tsawa a gaban tuwo. Sai kawai ta ƙara mini miya. Wannan ya fi mini ciwo.

Asabar, 7 ga Satumba, da yamma

Na je Gagarawa a babur maimakon Sule Tankarkar.

Tun daga kan hanya na hango gonar. Gero ya fi ni tsayi, ya cika ido, an ja igiyoyi daga gefe zuwa gefe, faifan na rataye suna juyi. Kowanne ya juyo sai ya watsa maka rana a fuska. Ban taɓa ganin kayanmu da yawa haka a wuri ɗaya suna aiki ba. Sai na ji kamar idanu ne suke buɗewa suna rufewa, duk suna kallona.

Na yi zaton abin mai sauƙi ne, in nemi wanda ba shi da takarda a fuska. Ashe ruwan Agusta ya wanke takardun duka. Faifai ɗari uku da tamanin, kowanne fari fat, babu mai alama. Kwalayen kuma matan gidan sun hura wuta da su.

Na ce da Malam Abdulsalam ya ba ni su gaba ɗaya. Ya kalli sama, inda tsuntsayen jan-baki ke shawagi kamar hayaƙi.

"Alhaji, kyauta ka ba ni, ba na musu. Amma ka dubi geron nan. In na sauke su yau, jibi kara zan girba. Ka bari a yi girbi, ko igiyar ma ka haɗa da ita."

"Girbi yaushe?"

"In Allah ya yarda mako uku."

Na faɗa masa zancen idon Inna. Ya cire hula ya mayar. Muka yi yarjejeniya: in ɗauki igiya ɗaya, in gwada, in dawo da ita in ɗauki ta gaba. Igiya tara ce. Da zan tafi ya gasa mini tumu, na kasa ci.

Lahadi, 8 ga Satumba, da la'asar

Ephraim na dawowa daga coci ya zo da kayan aikinsa, ko kwat bai cire ba. Yana wanke faifai da ruwan sabulu, ya goge da audugar mata, wanda ya karce ya shafa masa man goge baki. Ni ina sakawa a inji.

Na manta da abu ɗaya. Duk faifan da muka taɓa bugawa da muryar Usaini yake farawa. Allo baƙi, sai ka ji shi: "Salamu alaikum masu kallo, Gawo Biyu ke gaishe ku. Ku gyara zama." Sai bayan nan fim ya soma. In jaki ya yi kuka, ba shi ba ne. In aka ji ƙarar cokali a kofin shayi, shi ne.

Ba a iya tsallake gaisuwar. Ni na sa ya kulle ta haka, don kowa ya ji sunan kamfani.

Arba'in da biyu muka gwada. Talatin jaki. Goma sha biyu inji ya ƙi karanta su sam, rana ta dafa su. Ephraim ya ware su gefe. Mu duka mun san kowanne cikinsu zai iya zama ita.

Talata, 10 ga Satumba, da safe

Igiya ta biyu. Jaki.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan magariba

Igiya ta uku. Ku gyara zama, ku gyara zama, ku gyara zama. Ina alwala na ji shi a cikin butar. Na san ba shi ba ne, ni ba yaro ba ne. Amma na gyara tsugunona.

Safiya ta kira sau biyu. Na ce mata ina gyara hoton ne don Inna ta fi gani sosai. Ƙarya ta zame mini kamar ruwan sha.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ban buɗe ba. Motocin kasuwar Maigatari sun yi ta wucewa ta ƙofar gida tun asuba, shanu na kuka a ciki. Na rufe taga.

Asabar, 14 ga Satumba, da azahar

Igiya ta biyar. Inda na cire ta huɗu jiya tsuntsu ya yi ɓarna, zangarniya tsirara sun kai kunya uku. Malam Abdulsalam bai nuna mini ba, ni na gani. Ya ce, "Rabonsu ne, Alhaji." Ni dai na san ba rabon tsuntsu ba ne, nawa aikin ne.

A hanyar dawowa na yi ta gardama da Usaini a raina, irin wadda muka saba. Shi yana cewa, "Halliru, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Manyan Kano sun bar faifai, mu su wa? Mu sa fim ɗin nan a intanet." Ni ina cewa manya sun bari ne don su riba suke bi, mu kuwa mutanenmu muke bi. Tsofaffin ƙauye, matan da ba su da babbar waya, mutanen Damagaram da ke saye buhu-buhu. Na ce ko mu kaɗai muka rage a Arewa sai mun riƙe shi. Yakan yi dariya ya ce, "Gawo ke nan. Kowa na ganye kai kana zubarwa."

Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganata. Abin da ban sani ba shi ne ko gaskiyar ta kai abin da ta ci.

Litinin, 16 ga Satumba, da la'asar sakaliya

Lawali ya zo, mutumin Damagaram da ke karɓar kayanmu a kasuwar Maigatari. Ya ce bai sami zuwa gaisuwa ba sai yau, kamiyonsa, wato babbar motarsa, ya lalace a Gumel ya ce bari ya ƙaraso. Muka yi addu'a. Ya ga tulin faifai a ƙasa ya girgiza kai.

"Elhaji, har yanzu kana nan kan kaset? Mu can ai shekara biyu ke nan ba mai tambaya. Kowa kati yake sa wa a waya."

Na ce, "To kayan da kake karɓa fa?"

Ya dube ni, ya dubi Ephraim. "Wallahi na zaci ka sani. Suna nan jibge a ɗakina, ban kwance ko buhu ɗaya ba. Marigayi ne ya ce in riƙa karɓa ina ajiyewa, shi ke ba ni kuɗin da nake biyanka. Ya ce, ɗan'uwana bai shirya ji ba tukuna, in ya shirya ni zan gaya mishi da bakina. Ko ranar da ya rasu, da safe ya kira ni ya ce yana tafe da kaya, in tanadi wuri."

Ban san lokacin da ya tafi ba. Ephraim ne ya rufe mini shago.

Talata, 17 ga Satumba

Ban je gona ba.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

Zan rubuta sau ɗaya.

Ni ke kai kaya Maigatari, shekara goma sha tara, ba shi ba. Wata Laraba, wata biyar da suka wuce, muka yi faɗa a kan Shayin Kan Iyaka. Na ce masa shi bai san kasuwa ba, yana zaune gaban kwamfuta yana yanke wa faifai hukuncin mutuwa. Na ce gobe shi zai kai kayan, ya je ya ga da idonsa yadda ake wawarsu. Ya ce to. Ya ɗaure buhu biyu a bayan babur, jakarsa a gaba. Buhun ya yi faɗi, motar shanu ta zo wucewa ta taɓa shi.

Waɗanda suka fara isa sun ce titin duk faifai ne, suna ta ƙyalli.

Ya san babu mai wawarsu. Ya sani, ya ce to.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Na fita yau. Na je Gagarawa na ɗauko igiya ta shida da ta bakwai tare, na tsaya na yi wa Malam Abdulsalam awa biyu ina kaɗa gwangwani a inda suka bar gurbi. Ya yi ta dariya, wai bai taɓa ganin mai kamfani na korar tsuntsu ba.

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Cokali a kofi.

Igiya ta bakwai, faifai na goma sha tara. Gaisuwa ta wuce, ina jiran jaki, hannuna har ya kai kan maɓallin fitarwa, sai ƙarar cokali. Ephraim ya riƙe mini hannu ya ce, "Kar ka taɓa komai." Ya zaro wayarsa ya saita ta a allon.

Hoton na yayyagewa, murya na tsalle. Minti shida ya yi yana tafiya da ƙyar. Aka nuno teburin mai shayi, ga Usaini ya ba da baya yana firfita wuta. Wani ya ce, "Mai shayi!" Ya juyo, buta a hannu, ya buɗe baki zai amsa. Nan ya tsaya. Inji na ta ƙugi, hoto bai ƙara motsi ba.

Mun gwada kwafewa a kwamfutar Ephraim, ta ƙi. Ya ɗaga faifan a haske ya nuna mini inda rana ta cinye shi, daga tsakiya zuwa baki ya yi dabbare-dabbare. Ya ce, "Malam, kar mu ƙara saka shi. In yana da sauran tashi ɗaya, a bar wa Mama."

Abin da ya rage na fim ɗin a duniya yanzu minti shida ne a cikin waya. Wayar da na yi shekara goma ina zagi.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan magariba

Mun je Sule Tankarkar ni da Ephraim, da injinsa da babbar talabijin ɗinsa a ɗaure cikin bargo. Mota muka shiga. Ban yarda a ɗaura komai a babur ba.

Inna tana zaune a tabarma a rumfa. Na durƙusa na gaishe ta, ta lalubo kaina ta ce, "Halliru ne? Ka rame, ɗan nan." Safiya ta fara nuna mata na waya. Ta kai shi har hancinta, ta ce ba ta ganin komai sai haske kamar na ashana.

Muka haɗa inji da batirin sola a ɗakinta, aka saki labule. Saka na farko ya ƙi. Na biyu ya ƙi. Ephraim ya hura faifan, ya yi tasa addu'ar a hankali, ni ma na yi tawa. Na uku ya kama.

"Salamu alaikum masu kallo."

Inna ta ce, "Wa alaikumus salam." Da ya ce ku gyara zama, ta gyara.

Minti shidan nan tana ta cewa, "Me ake yi? Ba na kama su, sun cika sauri." Ina cewa a raina duk wahalar nan a banza. Aka kira mai shayi, ya juyo, ya tsaya.

Na fara ba ta haƙuri, ina cewa faifan ne ya lalace, laifina ne. Ta ɗaga mini hannu. Ta ja jiki a kan gwiwa har fuskarta ta kusa taɓa gilashin. Ta daɗe. Ta sa yatsa ta bi goshinsa, ta bi kunnensa, ta tsaya a kan tabon da ke haɓarsa.

"Ga shi nan," ta ce. "Ai gara da ya tsaya. Da yana motsi da ban gan shi ba. Yaron nan tun yana rarrafe bai taɓa tsaya mini na ƙare masa kallo ba."

Safiya ta fita da gudu. Ephraim ya bi bayanta ya tsaya a tsakar gida.

Na ce, "Inna, ni na aike shi ranar. Ba aikinsa ba ne. Faɗa muka yi, na tura shi don in ci gardama."

Ba ta juyo ba. "Na sani. Ya kira ni kafin ya hau hanya. Ya ce Halliru ya yi fushi, bari in je in dawo ya huce." Sannan ta ce, "Ka huce?"

Kuka na yi, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Ta ce, "To matsa, kana tare mini haske."

Ta zauna a gabansa har batirin ya fara ƙara. Ba wanda ya ce mata ta tashi. Da allon ya mutu ta ce, "Alhamdu lillahi, na gani." Ephraim ya sake gwada faifan da aka sami wuta. Inji ya juya, ya juya, ya nuna babu komai a cikinsa.

Talata, 24 ga Satumba, da hantsi

Na kira Lawali na ce ya raba buhunan ga manoman wajensu su rataye a gona, dawa na nan tafe. Na cire allon Gawo Biyu na jingine shi a bayan ƙofa. Na ce da Ephraim ya tura wa Safiya minti shidan, ya tura wa duk wanda ya tambaya.

Na mayar wa Malam Abdulsalam igiyarsa ta bakwai. Ya ƙirga da ido ya ce, "Alhaji, ai ta cika. Na zaci ɗaya zai ragu."

Na ce Inna ta ce a mayar da shi inda yake da amfani.

Ni na ɗaura shi da hannuna, na ja baya taku goma don in ga yadda ya zauna. Iska ta taso, suka juya gaba ɗaya, tsuntsayen suka tashi. Na duba, na sake dubawa, ban gane wanne ne ba.